Ra'ayin Siyasa da Fitowar Masu Ƙuri'a a Karkara: Sharhi Tare da Misali daga Ƙasar Wudil

Gabatarwa

Akwai maganganu biyu da suka daɗe suna yawo a cikin littattafan da aka rubuta a kan siyasar ƙasar Hausa, har sun kai ga ɗalibai suna haddace su suna zubawa a takardar jarrabawa ba tare da sun tsaya sun tambaya ba. Ta farko ita ce wai mutumin karkara ba shi da ra'ayin kansa, inda hakimi da dagaci suka sa gaba nan yake bi, ra'ayin neman sauyi kuwa abin birni ne. Ta biyu ita ce wai ƙarancin fitowa ranar zaɓe alama ce ta jahilci da halin ko-in-kula. Manufar wannan takarda ita ce mu auna waɗannan maganganu, mu ga iya inda suka tsaya da ƙafafunsu da kuma inda suka gaza. Za mu yi wannan awo ne da ƙasar Wudil, tare da sakamakon zaɓuɓɓukan Kano daga 1951 zuwa 2023.

Dalilin zaɓen Wudil a fili yake. Idan har akwai wurin da ya kamata maganar farko ta tabbata, to nan ne. Wudil ita ce mazaunin Makaman Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki su huɗu, kuma sarautar tana hannun Fulani Joɓawa waɗanda tarihinsu yake haɗe da garin Utai tun zamanin jihadi. Watau ba ƙaramin hakimi ne yake riƙe da ita ba. Amma kuma Wudil ba lungu ba ce. Tana kimanin kilomita 40 daga Kano a kan babbar hanyar da ta nufi Maiduguri, a bakin kogi, ga gada, ga fadama, ga kasuwar shanu mai ci ranar Juma'a wadda fatake suke zuwa daga nesa, har daga kudancin ƙasar nan. Ta daɗe da kwalejin horon malamai, kuma a 2001 aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a can. Ƙidayar 1991 da ta 2006 duk sun same ta a matsayin ƙaramar hukuma, ta 2006 ta ba ta mutum 185,189. Wurin da sarauta take da nauyi haka, labari kuma yake shigowa kowane mako a bakin direba da ɗan tireda, shi ne ya dace a gwada kowace fassara a kansa.

Abin da magabata suka faɗa

Littattafan da aka fi dogara da su an rubuta su ne a kan Jamhuriya ta Farko. K. W. J. Post ya yi nazarin zaɓen tarayya na 1959, littafinsa ya fito a 1963. A shekarar ne kuma Richard Sklar ya fitar da nasa a kan jam'iyyun Nijeriya, inda ya nuna NPC a matsayin jam'iyyar masu sarauta da ma'aikatan En'e da manyan attajirai, NEPU kuwa ta ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da wasu malamai. B. J. Dudley ya biyo baya a 1968. Sai C. S. Whitaker a 1970, wanda a ganinmu ya fi su zurfafa kallo, domin shi ne ya tsaya a kan barantaka, watau dangantakar ubangida da baransa, ya nuna cewa NPC ba ta gina wani sabon abu a karkara ba, hawa ta yi kan tsanin da ta tarar, daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa.

Ba mu da ja da wannan bayani a kan yadda NPC ta yi aiki. Inda muke da ja shi ne tsallen da masu karanta su suke yi daga "haka aka jefa ƙuri'a" zuwa "haka mutane suke so". Waɗannan abubuwa biyu ne dabam, kuma marubutan kansu sun kawo hujjojin da suke raba su, sai dai masu taƙaita su sun zubar da hujjojin sun riƙe kammalawar.

A duba zaɓen 1951. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma ta yi rawar gani a matakan farko na zaɓen a birnin Kano. Amma zaɓen hawa-hawa ne, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma doka ta ba En'e damar cusa mutanenta a mataki na ƙarshe. Da aka kai ƙarshe babu ɗan NEPU ko ɗaya da ya shiga Majalisar Wakilai ta Kaduna. Wanda ya karanta sakamakon ƙarshe kaɗai zai ce babu mai son NEPU a Lardin Kano, alhali kuwa abin da sakamakon ya auna shi ne kaurin rariyar da aka tace ƙuri'un da ita. A 1956 ma, 'yan mazaɓun birane ne kawai suka sami zaɓe kai tsaye. Manomin ƙasar Wudil bai jefa ƙuri'a kai tsaye a asirce a zaɓen tarayya ba sai ranar 12 ga Disamba 1959, shi ma namiji kaɗai, domin matan Arewa ba su da ƙuri'a a lokacin.

A wannan zaɓe NPC ta sami kujeru 134 cikin 312, NEPU ta sami 8, Malam Aminu Kano ya ci mazaɓar Kano ta Gabas. Karkarar Kano kuwa fartanya ce ta rinjayi tauraro. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa rajista a Nijeriya sun fito, a Arewa kuma abin ya doshi kashi 90. To, a nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya ya yi tunani. Yaya aka yi mutanen da ake cewa ba su waye ba suka fi na Ikko fitowa? Amsar tana cikin tsarin mulkin lokacin. Dagacin da yake rubuta sunan mutum a takardar haraji, shi ne yake yanka masa abin da zai biya, shi ne shaida a rikicin gona da na gado, kuma shi ne yake kiran jama'a su fito ranar zaɓe. Kotun alƙali ta En'e ce, 'yan doka na En'e ne, gidan yari na En'e ne, izinin yin lacca ma daga hannun hukumar yake fitowa. 'Yan NEPU da yawa sun sha ɗauri a kan laifin zagi ko taro ba izini. Ga kuma yadda ake zaɓen: kowane ɗan takara da akwatinsa mai alamar jam'iyyarsa a cikin ɗaki, mutum ya shiga ya jefa takarda a wanda yake so. A ƙauyen da kowa ya san kowa, mutum nawa ne za su yarda cewa babu idon da yake ganinsu a cikin ɗakin nan? Ba lallai sai an leƙa ba, ya isa a ce mai jefawa yana zaton ana iya leƙawa.

Saboda haka yawan fitowa na 1959 bai zama shaidar ƙaunar NPC ba, kamar yadda kujera ɗaya tak da NEPU ta samu a zaɓen Majalisar Jihar Arewa na 1961 ba ta zama shaidar cewa talakawa sun juya mata baya ba. Ba muna cewa duk wanda ya zaɓi NPC tsoro ne ya sa shi ba. Akwai dattijan da suke ganin 'yan Sawaba marasa kunya ne masu raina na gaba, akwai waɗanda ƙawancen NEPU da NCNC ya dame su, akwai kuma waɗanda suke cin moriyar ubangidansu da gaske. Abin da muke cewa shi ne alƙaluman ba za su iya raba mai biyayya da mai tsoro ba, kuma wanda ya ce sun raba ya ɗora musu kayan da suka fi ƙarfinsu.

Shekarar 1979

Hujja mafi ƙarfi a kan maganar farko ita ce abin da ya faru bayan shekara ashirin. A tsakanin nan an yi abubuwa uku. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. An karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960. Sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da hakimi mai ba da shawara da tara haraji, ba mai zartarwa ba. Makama yana nan a Wudil, dagatai suna nan, ana faɗuwa ana gaishe su kamar da. Abin da ya tafi shi ne sandar da take bayan gaisuwar.

Da aka zo zaɓen shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta 1979, Malam Aminu Kano na PRP ya sami fiye da kashi 76 cikin ɗari na ƙuri'un Jihar Kano. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami 243,423 daga cikin 1,220,763, watau kashi 19.94, adadin da ya jawo shari'ar nan ta jihohi goma sha biyu da biyu bisa uku da Cif Obafemi Awolowo ya kai har Kotun Ƙoli. PRP ta kwashe kujerun Majalisar Dattawa biyar na jihar, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna. A tuna cewa Jihar Kano ta lokacin ta haɗa da Jigawa ta yanzu, kuma mafi yawan mutanenta manoma ne. Ko da an ba mabuɗi kowace ƙuri'a ta cikin ganuwa da Fagge da Sabon Gari, ba za ta kai kashi 76 ba. Karkara ce ta kawo wannan rinjaye, karkarar da aka ce ba ta san komai ba sai bin hakimi.

Kuma ba a rasa dalili ba. Alkawarin soke haraji da jangali magana ce da ba ta buƙatar tafinta a wuri irin Wudil, inda dukiya take tafiya da ƙafa huɗu. Bafillatanin da ya saba ɓoye shanu a daji lokacin ƙirga, da manomin da ya taɓa sayar da akuya ko hatsin ci don ya biya kuɗin ƙasa, sun san abin da suke zaɓa. Gwamnatin Rimi ta soke su da hawanta a 1979, haka ma ta Alhaji Balarabe Musa a Kaduna.

To, amma a nan sai mu juyo kan ɗaya ɓangaren, domin su ma 'yan ra'ayin sauyi da suka yi rubutu bayan 1979 sun yi nasu tsallen. A wurinsu sakamakon nan farkawar talaka ce, ajin waɗanda ake zalunta ya gane kansa ya tashi. Fassara ce mai daɗin ji a ɗakin taro, sai dai ta bar abubuwa da yawa a waje. Ta manta da fushin Kanawa tun 1963, lokacin da gwamnatin Sardauna ta sa Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus, abin da ya haifi jam'iyyar mutanen Kano ta KPP, wadda masoyan sarki ne suka kafa ta amma ta haɗa kai da NEPU. John Paden, a littafinsa na 1973 a kan addini da siyasar Kano, ya nuna yadda kishin Kano da zumuncin ɗariƙa suke ratsa iyakar jam'iyyu. Wani ya zaɓi PRP don haraji, wani don Malam mutumin kirki ne, wani kuwa don kada Kano ta sake zama 'yar amshin shatan Sakkwato da Kaduna. Haka kuma kalmar "talakawa" tana rufe bambancin da ke cikin ƙauye. Polly Hill, a nazarinta na Batagarawa a 1972 da na karkarar Kano a 1977, ta nuna cewa a ƙauye guda akwai mai rumbuna da yake sayen hatsi da kaka ya sayar da bazara, akwai kuma wanda yake ƙwadago a gonar wani tun damina ba ta yi nisa ba. Dillalin shanu a karar Wudil da yaron da yake kora masa su duk talakawa ne a idon fada, amma bukatarsu ba ɗaya ba ce.

Abin da ya biyo baya ya isa gargaɗi. PRP ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo. Takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero ta jawo tarzomar 10 ga Yuli 1981 wadda aka kashe Dakta Bala Muhammad a cikinta. A 1983, bayan rasuwar Malam a watan Afrilu, Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya kayar da Rimi, wanda ya tsaya a NPP. Jama'ar da suka ƙi ɗan takarar masu sarauta a 1979 ba su nuna sha'awar a wulaƙanta sarki ba. Wannan ba rikitaccen tunani ba ne. Mutum yana iya ƙin a zalunce shi da sunan sarauta, ya kuma ƙi a ci mutuncin sarautar.

Batun fitowa

Yanzu sai magana ta biyu. Mutanen da aka yi wa rajista a Jihar Kano a 1979 sun haura miliyan 5, waɗanda suka jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa kuwa miliyan 1.2. Ke nan ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a kai ba, a shekarar da aka ce talaka ya farka. A ƙasa baki ɗaya an yi rajistar fiye da miliyan 48, aka jefa ƙasa da miliyan 17. Masu sharhi suka ce rashin wayewa ne. Mu kuwa muna ganin kafin a zargi manomi sai a fara tuhumar lissafin.

Kashi cikin ɗari rabawa ce, kuma idan abin da aka raba da shi ƙarya ne, amsar ma ƙarya ce. A 2023, bayan shekara 44 na haihuwa da ƙaruwa, masu rajista a Jihar Kano 5,921,370 ne. Gaskiya ne an cire Jigawa a 1991, amma duk da haka da wuya hankali ya karɓi cewa a 1979 akwai baligai sama da miliyan 5 a jihar. Rajistar wancan lokaci bi gida-gida aka yi, maigida yana faɗin yawan iyalinsa, kuma kowane yanki ya san cewa yawan suna shi ne yawan kujeru da rabon arziki. Sunan da babu mai shi ba ya zuwa rumfar zaɓe.

Sai kuma lokaci, wanda marubutan da suke zaune a birni ba su cika kula da shi ba. Zaɓen 1959 an yi shi a Disamba, amfanin gona yana gida, kuɗin gyaɗa yana hannu, kuma sau ɗaya aka fita. Na 1979 sau biyar aka kira mutane: 7, 14, 21 da 28 ga Yuli, sannan 11 ga Agusta. Tsakiyar damina ke nan, lokacin noma da maimai, ranar da manomi ya rasa ba ta dawowa. Biyu na ƙarshe kuma, na gwamna da na shugaban ƙasa, a cikin azumin Ramadan suka faɗo. Duk ranakun Asabar ne, watau kashegarin kasuwar Wudil, lokacin da mai dabba da mahauci da ɗan kamasho suke kan hanya ko suke lissafin cinikin jiya. Ga shi kuma a wannan karo ne matan Arewa suka fara zaɓen ƙasa baki ɗaya, abin da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kansa, aka kuma sauko da shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18. Rajista ta ninka a takarda, amma matar da take cikin kulle fitarta tana hannun mijinta. Kwatanta kashi 90 na 1959 da kashi 24 na 1979 kamar kwatanta mudu ne da tiya a ce hatsi ya ragu.

Zaɓuɓɓukan Jamhuriya ta Huɗu an mai da su rani, sai matsalar ta sake kama. Katin zaɓe yana ɗaure da rumfar da aka yi rajista, rani kuwa shi ne lokacin da samarin karkara suke cin rani a Ikko da Fatakwal da Abuja. A Fabrairun 2023 an ƙara da ƙarancin takardun naira saboda canjin kuɗi, har kuɗin mota ya gagari mutane da dama. A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga watan, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya sami 997,279 a Kano, Bola Tinubu na APC 517,341, Atiku Abubakar na PDP 131,716, duka-duka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na masu rajista. Mako uku bayan haka, a zaɓen gwamna, Abba Kabir Yusuf ya sami 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna 890,705. Su biyu kaɗai sun fi dukkan ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa da wajen dubu ɗari biyu. Jahilci ba ya raguwa cikin mako uku. Abin da ya bambanta shi ne kujerar ta fi kusa, takarar ta yi zafi, kuma kowane ɓangare ya sa mota da kuɗi ya kwaso nasa. A 2015 ma, da jama'a suka ga akwai abin da ƙuri'arsu za ta iya sauyawa, Janar Muhammadu Buhari shi kaɗai ya sami 1,903,999 a jihar.

Sarauta da ubangida a yau

Bayanin Whitaker a kan barantaka bai mutu ba, ubangidan ne ya sauya. Tun 1999 mai ba da taki da aikin gwamnati da kujerar Makka da tallafin karatu shi ne gwamna da ɗan majalisa da shugaban ƙaramar hukuma. Kwankwasiyya ta tashi daga PDP zuwa APC gabanin zaɓen 2015, ta koma PDP a 2018, ta shiga NNPP a 2022, jar hula kuma ta bi ta duk inda ta je. Wanda ya lissafa ƙuri'un jam'iyyu ya ce karkarar Kano tana sauya ra'ayi kowace shekara huɗu, alama ya ƙirga, bai ƙirga mutane ba. Sai dai bara na yanzu yana iya sauya ubangida, kuma yana yi: a 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci, a 2023 kuma Kawu Sumaila ya kayar da Sanata Kabiru Gaya a Kano ta Kudu, mazaɓar da Wudil take ciki, bayan Gaya ya riƙe kujerar tun 2007.

Ita kuwa sarauta, yanzu ita ce take jiran sakamakon zaɓe. Rimi ya ɗaga darajar Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse da Auyo a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya rushe a 1983. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a 2019, aka sa Wudil ƙarƙashin Gaya, har masu zaɓen sarki huɗu, da Makama a cikinsu, suka garzaya kotu. A Mayun 2024 aka soke dokar. Cikin shekara biyar an fitar da mazaunin Makaman Kano daga masarautar Kano an kuma mai da shi, duk da hannun 'yan majalisar da mutanen karkara suka zaɓa. Wanda har yanzu yake koya wa ɗalibai cewa hakimi ne yake juya ƙuri'ar ƙauye, ya kamata ya bayyana mana wannan.

Babban aibin rubuce-rubucen da muka duba, na da da na yanzu, shi ne girman ma'aunin. Lardi ko jiha ko mazaɓar tarayya irin Wudil da Garko ta yi faɗin da za ta haɗiye duk bambancin da muke nema. Ƙaramar hukumar Wudil tana da mazaɓu goma, kuma Sabon Gari da cikin garin Wudil, inda 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai suke, ba ɗaya suke da Utai ko Indabo ko Lajawa ko Achika ba. Tun 2020 hukumar zaɓe tana ɗora hoton takardar sakamakon rumfuna a intanet, abin da Post da Sklar ba su taɓa samu ba. Ɗaliban jami'ar da ke Wudil suna iya ɗaukar takardun rumfunan Darki da Kausani da Dagumawa da Ɗankaza, su jera su da nisan kowace rumfa daga titi, da yawan matan da ke cikin rajistarta, da yawan samarin da suke tafiya cin rani, sannan su zauna da dattawan da suka jefa ƙuri'a a 1979 tun suna raye, su tambaye su abin da ya fito da su da abin da ya hana maƙwabtansu.